Wasiƙa Zuwa Saifurus

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Dala har ba a hango ta daga Ƙofar Mazugal.

Ranar Juma'a na shiga gaida Hajiya. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Kai ɗan boko, gaya mini tsakani da Allah, wannan tsibiri da abokinka ya tafi, ya fi Makka nisa?" Ka san ma'aunin Hajiya ɗaya ne a duniya, wato jirgin alhazai daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Na ciro waya na auna mata. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 da 'yan kai, Kano zuwa Saifurus kuwa, tsibirin naku da ke Bahar Rum, kimanin 3,600. Na ce, "Hajiya, abin da ya ɗara bai kai nan da Kaduna ba."

Sai ta yi mini wani kallo. "To ni da ban cika awa biyar a sama ba na sauka, shi me ya kwanar da shi a hanya?"

Nan fa ake yin ta. Na ce mata kai sai da ka fara gangarawa Abuja, ka ba Saifurus baya kenan. Daga can jirgi ya ɗauke ka zuwa Istanbul, fiye da kilomita 4,000, awa shida da wani abu, ya wuce tsibirin ya bar shi a kudu. Ka yi zaman jira har ka gaji, sannan wani jirgin ya dawo da kai Erjan, filin jirgin arewacin tsibirin, cikin kamar awa ɗaya da rabi. In aka haɗa duka, tafiyar ta haura kilomita 5,000.

Ta ce direban bai san hanya ba ne? Wallahi sai da na dara. Na yi mata bayani gwargwadon iyawata: tun 1974 da sojojin Turkiyya suka shiga, tsibirin ya rabu biyu. A 1983 arewacin, inda kake, ya ayyana kansa ƙasa, amma Turkiyya kaɗai ta amince da shi, shi ya sa duk jirgin da zai sauka Erjan sai ya biyo ta Turkiyya. Kudancin kuwa, mai filin jirgin Larnaka, yana cikin Tarayyar Turai tun 2004, bizarsa daban. Ni a ganina rigimar mutane ce ta nisanta ka da mu, Bahar Rum ba ta da laifi. Hajiya dai cewa ta yi, "Ashe can ma akwai rikicin gado."

Yanzu hankalinta ya ɗan kwanta, amma ta ɗauko wata sabuwa. Tunda ba nisa, wai lallai ka zo babbar Sallah. Na ce kuɗin tikiti ba ya bin taswira, ba ta saurare ni ba. Kai ka san yadda za ka yi da ita.

Ta kuma haɗa maka yaji da kuka da dambun nama, suna wurina. Ka bincika ko ana barin nama ya wuce a Istanbul, kada mu wahalar da ɗan saƙo a banza. In ba a bari, ka yafe, ni zan cinye.

'Yan majalisa duk suna gaishe ka. Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka na Ƙofar Mazugal