Wata Tara Ina Bin Lauya Kafin In Mallaki Gidana na Farko a Gadarif

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da yake cin dukiyar 'yan uwanmu Hausawan Sudan a ɓoye, wato jinkirin da ake sha a hannun lauyoyi idan mutum ya tashi sayen gidansa na farko. Ni manomin riɗi ne a Gadarif, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru. Dalilin da ya sa na ɗauko zancen yanzu shi ne, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 garinmu ya cika da 'yan uwa daga Khartum da Wad Madani, wasunsu sun gaji da haya sun fara neman na kansu, kuma ina ganin suna shirin taka sawun da na taka.

A ƙarshen shekarar 2020, bayan na sayar da riɗin da na noma, wani dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku da rumfa a tsakar gida. Babban ɗan gidan ne ya tarbe mu, muka yi ciniki, aka yi sallama, na ba da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, abin da mutanen nan suke kira arbun. Dillalin ya ce kada in wahalar da kaina wajen neman lauya, domin masu gidan suna da nasu wanda ya san su tun zamanin mahaifinsu, kuma yana da ikon tausiƙi, wato ikon sa hannu da hatimi a takardar ciniki ta zama abin dogaro a gaban hukuma. Na ga an rage mini ɗawainiya da kuɗi, sai na amince. Takardar da aka rubuta mini a ranar layi huɗu ce, ta ambaci abin da na bayar da abin da ya rage, amma ba ta faɗi ranar da za a kammala ba, ba ta kuma faɗi abin da zai biyo baya idan masu gidan suka saɓa ba.

Babban kuskurena shi ne ban nemi ganin shahadar bahas ba kafin kuɗina su bar aljihuna. Ga wanda bai sani ba, wannan takarda ce da ofishin rajistar filaye yake bayarwa, kuma rajistar filaye a Sudan tana ƙarƙashin hukumar shari'a ne, bisa tsarin da dokar 1925 ta kafa tun zamanin Turawa. A cikinta ake ganin sunan wanda hukuma ta sani a matsayin mai gida, da lambar filin, da lambar murabba'in da yake ciki, wato rukunin gidajen, da faɗinsa, da ko mallaka ce tsantsa ko kuwa hikir ne, wato filin gwamnati da aka ba mutum na tsawon shekaru, sannan a ga ko an jinginar da shi ko kotu ta hana sayar da shi. Akwai wadda ake fitarwa don a tabbatar kawai, akwai kuma wadda ake fitarwa musamman don sayarwa. Da na ga ko da ta farkon, da na san cewa wanda ya karɓi kuɗina ba shi ne mai gidan ba a idon hukuma.

Wata uku na yi ina zarya ofishin lauyan nan. Idan na je da hantsi a ce yana kotu, sai in koma gindin dogon yaro wajen mai shayi in zauna a kan 'yar kujerar igiya, har matar ta san ni, tana hango ni take ɗora mini shayi ba tare da ta tambaye ni sukari nawa ba. Idan ya dawo ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi iyali da gona, in ce, “Ustaz, ina aka kwana a kan maganarmu?” ya ce, “Ya Alhaji, kwantar da hankalinka, takardu suna tafiya, ka leƙo mako mai zuwa.” Ban taɓa tambayarsa wace takarda ce take tafiya ba, ko a hannun wa take, domin ina jin nauyin mutum mai furfura da ilimi, kuma ina gudun a ce na zarge shi. Wata rana ya buɗe aljihun teburinsa yana neman alƙalami, sai na hango fayil ɗina a ciki, da zoben da ƙoƙon shayi ya bari a bayansa, igiyar da aka ɗaure shi da ita tana nan yadda na ga an ɗaure ta ranar farko.

A makon da na ga haka na ɗauki lauya na kaina, wani matashi ɗan unguwarmu. Cikin kwanaki kaɗan ya zo mini da shahadar, sai ga sunan mahaifin masu gidan, wanda ya rasu da jimawa, kuma ba a yi rabon gado ba. Magada bakwai ne, ana buƙatar takardar kotun shari'a da take bayyana su waye magadan da rabon kowannensu, sannan kowa ya sa hannu ko ya wakilta wani. Ɗaya daga cikin 'yan matan tana aure a Jidda, kuma wakilcinta ba ya karɓuwa sai an buga masa hatimi a ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke can, a sake tabbatar da shi a ma'aikatar harkokin waje a Khartum. Akwai kuma kuɗin awa'id, wato harajin gida na ƙaramar hukuma, da suka taru a kan gidan. Duk wannan lauyan farko ya san shi, amma masu gida yake wa aiki, bai ga wajibinsa ba ne ya tona musu asiri a gabana.

Inda jinkirin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen kuɗi. A watan Fabrairun 2021 babban bankin ƙasa ya karya darajar fam, kuɗin Sudan, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a hukumance, ko da yake kasuwar bayan fage ta daɗe da yin gaba. A watan Yuni aka janye tallafin man fetur, zuwa watan Yuli kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Ragowar kuɗina suna ajiye suna narkewa kamar gishiri a ruwa. Da wakilcin ya iso daga Jidda, babban ɗan ya zo gidan da nake haya da magariba, ya zauna a tabarma yana sunkuyar da kai, ya ce, “Yaya, ƙannena sun ce kuɗin da muka yi magana a kansu bara yanzu ko ɗaki ɗaya ba su ginawa, ko dai a ƙara, ko mu mayar maka da arbun ɗinka.” Ban ga laifinsa sosai ba, gaskiya ya faɗa, sai dai arbun ɗin da zai mayar mini ba zai saya mini rabin abin da zai saya a ranar da na ba shi ba. Da na kai ƙara da wataƙila na yi nasara, amma bayan shekara nawa? Dattawan unguwa suka shiga tsakani, na yi ƙari mai nauyi, sai da maiɗakina ta sayar da warwaronta na zinariya kafin aka juya sunan gidan zuwa nawa a watan Agusta.

Ba na cewa lauyoyi duka haka suke, wanda ya fitar da ni ma lauya ne, kuma jinkirin kotu da na hatimin ƙasar waje ba a hannun kowane lauya yake ba. Wani ɓangare na laifin namu ne. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan a kan hanyar Makka, da waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da baki aka ba su wurin zama, shaidun unguwa su ne takardarsu. Mun gaji wannan yarda, alhali tun 1970, zamanin Shugaba Numairi, doka ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, har yau kuma da yawanmu a kan hiyaza suke zaune, wato riƙo ba tare da rajista ba.

Abin da nake faɗa wa duk baƙon da ya zo neman shawarata shi ne ya ɗauki lauyan da shi yake biya, kada ya saki ko fam ɗaya sai ya ga shahadar da idonsa ya gwama sunan da ke ciki da katin shaidar mai sayarwa, a kuma rubuta ranar kammalawa da hukuncin wanda ya saɓa. Idan aka ce masa ya dawo mako mai zuwa, ya cire kunya ya tambayi sunan takardar da ake jira da teburin da take kai. Ina kuma roƙonka, ya Edita, ka samo mana masanin dokar filaye ta Sudan da zai yi bayani da Hausa a kan halin waɗanda suka baro takardun gidajensu a Khartum da Madani, domin a unguwarmu kaɗai akwai iyalai da dama da suke son sayar da na can su sayi na nan, ba su da komai a hannu sai hoton shahada a waya.

Wassalam,
Mai karatunku daga Gadarif, Sudan