Inda aka kashe kiɗa a wasan Buffy

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani tsohon wasan talabijin na Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer, wanda aka nuna daga 1997 zuwa 2003, kashi 144 cikin zango bakwai. Labari ne na wata 'yar makaranta mai suna Buffy a garin Sunnydale, wadda aka ɗora wa nauyin yaƙar dodanni masu shan jini da daddare, gari ya waye kuma ta rataya jaka ta tafi aji kamar sauran sa'o'inta. A faifan DVD na kalle shi, shekaru bayan an kammala shi, kuma yadda suka sarrafa sauti ya fi dukkan faɗace-faɗacen zama a raina.

A wani kashi na 1999 mai suna Hush, waɗansu dodanni sanye da baƙar kwat, suna murmushi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, suka sace muryoyin mutanen garin gaba ɗaya domin su riƙa cire zukatan mutane ba tare da wani ya iya kururuwa ba. Aka shafe fiye da rabin kashin babu wanda ya furta kalma. Kiɗan Christophe Beck shi ya ɗauki maganar, shi ke sanar da kai tsoro ya iso tun kafin ka ga fuskar dodo. A 2001 kuma suka juya abin, inda wani aljani ya sa kowa yana rera abin da ke ɓoye a zuciyarsa, har Buffy, wadda ta mutu aka tashe ta da sihiri, ta faɗa wa abokanta cikin waƙa cewa daga wurin hutu da salama suka dawo da ita duniya, alhali su suna zaton ceto suka yi mata.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kashin The Body, shi ma na 2001. Buffy ta shigo gida ta tarar da mahaifiyarta kwance a kan kujera, rai ya yi halinsa, kuma babu hannun dodo ko sihiri, ciwon jijiyar ƙwaƙwalwa ne kawai. Ban da taken shirin, daga farkon kashin har ƙarshensa ba a sa kiɗa ko na daƙiƙa ɗaya ba. Kana jin numfashinta, kana jin ƙarar ƙashin haƙarƙari lokacin da take danna ƙirjin uwar tana neman farfaɗo da ita, ta buɗe ƙofar baya kuma sai ga hayaniyar unguwa tana ci gaba kamar babu abin da ya faru.

Wallahi haka abin yake. Ranar da Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, abin da kunnena ya riƙe shi ne ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta, inda wata take daka ba ta san mun yi rashi ba, da kuma mai tallan koko da ta wuce ta ƙofar gida tana kira.

Shi ya sa nake jin takaici idan na zauna kallon wasanninmu masu dogon zango, domin da zarar an ce wane ya rasu sai a sako sautin fiyano mai ban tausayi, a ƙure shi har ya danne salatin matan gida da kukan 'yar wasa, wadda sau da yawa ta iya aikinta sarai. Muna da mawaƙa da makaɗa masu basira, ba na musun wannan. Roƙona ga daraktocinmu da masu tace sauti shi ne su gwada sau ɗaya, a fitowar rasuwa, su bar mu da inna lillahi da ƙarar takalman masu shigowa gaisuwa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya