Wasiƙa daga Bauchi kan kyamarar auta

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin can? Mu nan sai godiya. Hunturu ya kankama, da safe hazo har rufe duwatsun bayan gari yake yi. Ranar Juma'a na leƙa gida na gaida Hajiya, kowa lafiya, sai tambayar ranar dawowarka take yi.

Na ga saƙonka kan kyamarar da kake son sayo wa autanku ya kama sana'ar hoto. Ka ce ka samu Pentax K-70 da araha, mai shagon kuma ya ce ta fi Canon ɗin da ke daidai kuɗinta. Bai yi maka ƙarya ba. Jikinta a toshe yake ta yadda ƙura da yayyafi ba sa shiga da sauƙi, ka kuwa san abin da ƙurar Hawan Daushe ke yi wa kayan aiki idan dawakai suka yi sukuwa. Sannan abin da ke hana hoto rawa a cikin jikinta yake, duk gilashin (lens) da ka ɗaura zai amfana, alhali a irin waɗannan kyamarori na Canon da Nikon sai ka sayi gilashi mai wannan fasahar. Kamfanin Pentax ɗin ma tsoho ne, kamfanin Ricoh ne ya saye shi a 2011, kuma bai daina ƙera kyamarori masu madubi a ciki (DSLR) irin wannan ba.

Duk da haka, ni dai ban ba ka shawarar ka sayo masa ita ba.

Ka ɗauka yaron nan yana wurin dina, ƙarfe tara na dare, an fito da amarya, batir ya mutu. Idan Canon ce a hannunsa, zai waiga ya ga wani mai hoton, ya ce "Oga, ara mini batir," a miƙo masa. Batirin Canon LP-E6 guda ɗaya yana shiga kyamarorinsu 60D da 7D da 6D da 5D Mark III, kusan kowa na da na ajiya a jaka. Mai Pentax kuwa wa zai tambaya? Ni a iya yawona na biki a garin nan ban taɓa haɗuwa da mai riƙe da ita ba. Haka batun gilashi. Masu hoto a nan da aro da haya suke rufa wa juna asiri, yau ka karɓi mai jawo nesa na wani, gobe shi ya karɓi fitilarka. Bakin gilashin Canon na EF, wato inda gilashin ke haɗuwa da kyamara, tun 1987 yake, na Nikon tun 1959, shi ya sa na hannu suka cika kasuwa, daga Kano har Legas. Na Pentax ba zai hau kan ko ɗaya daga cikinsu ba, nasu ma ba za su hau kanta ba.

Ga gyara. Ta taɓa faɗuwa, mai gyara zai buɗe ta, amma kayan da zai sa mata fa? Kamar ka shigo da motar da babu kayanta a garin ne, sai ta yi wata da watanni a gareji ana jiran saƙo. Ranar da ya so sayar da ita ya ƙara kuɗi ya hau ta gaba, nan ma zai sha tayin wulaƙanci, don mai saye sunan da ya sani yake nema. Kai, har masu biki ma suna leƙa sunan da ke goshin kyamara kafin su yi ciniki, abin dariya, amma haka kasuwar take.

Wani abin da zai taimake ka: tun 2018 Canon da Nikon suka mai da hankali kan sababbin kyamarori marasa madubi (mirrorless), saboda haka masu hoton can suna ta sakin tsofaffin nasu da sauƙi. Nemi Canon 80D ko 6D ta hannu mai tsafta, ka haɗa da gilashi 50mm f/1.8, wanda ba shi da tsada kuma yana fitar da fuska tas ko da hasken ɗaki ya yi ƙasa. Ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka kuma haska cikin gilashin da tocilar waya ka duba ko ya yi fumfuna. Idan Nikon ta fi kwanta maka, babu laifi, sai dai ka kula, ƙananan nan irin su D3500 da D5600 ba sa saita tsofaffin gilasai da kansu, sai da hannu. D7200 ba ta da wannan matsalar.

In kuma zuciyarka ta riga ta kamu da Pentax ɗin, saya wa kanka. Kai ba abinci kake nema da ita ba, idan ka dawo sai mu tafi Yankari ka gwada ta a kan giwaye da gwaggon birin da ke addabar mutane a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Ka dai haɗo da batura biyu da caja tun daga can.

Auta ya fara bin wani mai hoto a wajen Wunti yana riƙe masa fitila, kuma an ce yana da hannu. Kafin ka biya, turo mini hoton kyamarar da farashinta in duba. Ka gaida iyali.

Wassalam,
naka na Bauchi.