Ga masu shirin zuwa Japan: a nemi riƙon 'yar tsanar bunraku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, saboda 'yan'uwa masu shirin zuwa Japan, ko karatu ko sarin kayan gyaran mota.

Abin da ake tallata wa baƙi can da sunan al'ada iri biyu ne. Akwai inda za a ɗaura maka kimono, tufarsu ta gargajiya, a zana maka jan fenti irin na 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, a ɗauke ka hoto, ka biya ka kama gabanka. Wannan kam kuɗinka ne, ba na hana ka. Amma wanda ya zauna mini a rai shi ne ranar da aka sa mu riƙe 'yar tsanar bunraku, wato wasan 'yar tsana na gargajiyar Japan, a birnin Osaka.

Na san wani zai ce wasan 'yar tsana ai na yara ne. To, wannan manya ke zama su kalle shi har hawaye ya zubo. Tun 1684 Takemoto Gidayu, wani mai ba da labari a wasan, ya buɗe gidan wasansa a unguwar Dotonbori ta Osaka, yanzu kuma akwai babban gidan wasan bunraku na ƙasa a Osaka, wanda aka buɗe a 1984.

'Yar tsana ɗaya, ƙattai uku ke sarrafa ta. Babban yana riƙe da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, ƙaramin kuwa ƙafafu. Ni ƙafafu aka ba ni, na mace kuma, ashe 'yar tsana mace yawanci ba ta da ƙafa ko ɗaya! Sai dai ka cusa yatsu cikin gefen zaninta, ka riƙa tattare shi kana saki har mai kallo ya rantse tafiya take yi. A duƙe kake yi, shi babban yana tsaye bisa dogayen takalman katako, kuma ba mai ce maka uffan. Motsin jikinsa za ka bi. Kafin a jima ƙuguna ya fara kuka, baiwar Allah kuwa tana tafiya kamar wadda ta taka ƙaya.

Su da kansu suna cewa shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, sannan a ba ka kai. Malamin da ya koya mana bai yi mana daɗin baki ba, bai ce mun iya ba. Karɓa ya yi da abokan aikinsa, nan take 'yar tsanar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ta kai hannun riga bakinta tana kuka.

Shawarata, a fara zuwa irin wannan zama kafin a sayi tikitin cikakken wasa, don Japanancin mai ba da labarin wasan tsoho ne, ko 'yan ƙasar sai sun duba rubutun da ake haskawa saman dandamali.

Na gode.

Naku,
Mai karatunku daga Sabon Garin Zariya