Fim ɗin Tom Brown ya bar rabin littafin a baya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na karanta abin da kuka buga a shafin adabi, inda marubucin ya ce wai wanda ya kalli fim ɗin Tom Brown's School Days na 1951 ba sai ya wahalar da kansa da littafin ba, duk labari ɗaya ne. To ni kam ban yarda ba, shi ya sa na ce bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Littafin dai Thomas Hughes ne ya rubuta shi, ya fito a 1857, kuma shi kansa a makarantar kwana ta Rugby da ke Ingila ya yi karatu zamanin Dokta Thomas Arnold, wanda ya riƙe makarantar daga 1828 har rasuwarsa a 1842. Masu fim sun yi ƙoƙari, wannan ba musu, a ainihin makarantar suka je suka ɗauka, ga Robert Newton a matsayin Dokta, ga John Howard Davies yaron nan da ya fito a Oliver Twist shi ne Tom. Wurin da Flashman, mugun siniyan makarantar, da yaransa suka kama Tom suka kara shi a jikin murhu saboda ya ƙi sayar musu da tikitin cacar tseren doki da ya faɗo masa, wallahi idan ka gani da ido ya fi taɓa zuciya a kan karantawa. Kuma sun kyauta da suka rage mana wa'azi, don Hughes akwai surutu, babi uku cur yana ba da labarin ƙauyen su Tom da dangin Brown kafin yaro ya ko taka ƙofar makarantar Rugby.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Littafin kashi biyu ne, kuma tun kafin kashi na farko ya ƙare an riga an kori Flashman, ba ma don zaluncin da yake wa ƙanana ba, giya ya je ya sha ya yi tatil har sai da aka ɗauko shi ranga-ranga, wani malami ya gani, washegari Dokta ya sallame shi. Shi ke nan ya fita daga labarin. Sai me ya faru? Tom da abokinsa East da aka gama cin zalinsu su ne suka koma 'yan ta-kife, kamun kifi a inda aka hana, fita ba izini, har hawa hasumiya suka yi suka karce sunayensu a jikin hannun agogon makaranta, sai da Dokta ya kira su ya ce in ba su gyara ba za su bi hanyar gida.

Maganin da Dokta ya yi wa Tom shi ne gundarin littafin a wurina. Bai ƙara masa bulala ba, sai ya ɗauko wani sabon yaro George Arthur, maraya, siriri mai yawan laulayi, ya sa shi a ɗakin karatun Tom ya ce ya kula da shi. Daren farko a ɗakin kwana Arthur ya durƙusa gefen gado yana addu'a kamar yadda ya saba a gida, yara suka fara dariya, wani ƙato ya jefe shi da silifa, Tom da ya cire takalminsa ke nan bai yi wata-wata ba ya wurga wa ƙaton a ka. Bayan an kashe fitila kuma kunya ta hana Tom barci, don shi ya daɗe da daina durƙusawar saboda tsoron tsokana. Daga nan a hankali shekara bayan shekara wanda ake riƙo shi ke gyara mai riƙon, har Arthur ya sa shi ya bar satar amsar darasin Latin daga tsofaffin littattafan da ɗalibai ke gada a hannun juna. Sai a ƙarshe, Tom yana ɗan shekara 19 yana kyaftin ɗin 'yan wasan kurket na makarantar, wani malami ya gaya masa ai da gangan Dokta ya haɗa su.

Fim bai da haƙurin wannan. Yana son mugu guda ɗaya da za a tsana daga farko har ƙarshe, sai aka riƙe Flashman aka jawo shi cikin labarin Arthur, har rashin lafiyar Arthur aka rataya a wuyansa, alhali a littafi zazzaɓi ne ya ɓarke a makarantar. Tom kuma bai girma ba, yadda ya shigo ƙarami haka fim ya ƙare da shi. Na talabijin da aka yi a 2005, wanda Stephen Fry ya fito a Dokta, shi ma Flashman ya sa a gaba. Ban ga laifinsu sosai ba, mugun yana da farin jini, har wani marubuci George MacDonald Fraser ya ɗauke shi ya yi jerin littattafai a kansa tun daga 1969. Sai dai mai kallo zai tashi da tunanin cewa da an kori azzalumi ɗaya makaranta ta gyaru.

Duk wanda ya yi bodin a nan arewa ya san ba haka ba ne, tsarin nan na gidaje da firfet da siniya mai aiken juniya ai daga irin su Rugby Turawa suka kwaso mana shi. A makarantar da na yi, juniyan da ya fi kowa shan wankin kayan siniyoyi da ɗebo musu ruwa da asuba cikin sanyin hunturu, shi ne ya fi kowa mugunta da ya shiga aji biyar, kuma ba wanda ya yi mamaki.

Don haka Malam Edita ina roƙo, in za ku sake taɓo wannan batu ku ba marubucin naku kashi na biyu ya karanta tukuna, daga zuwan Arthur ya fara ma ya isa, in ya so ya dawo ya gaya mana ko har yanzu labari ɗaya ne.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani tsohon ɗan makarantar kwana, daga Zariya