Zuwa ga ɗana Nura, a kan maganar kafaɗar nan

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa.

Sau uku ina kiran wayarka ba ka ɗaga ba, shi ya sa na sa Hadiza ta ɗauko biro. Jiya bayan la'asar, a masallacinmu na nan Agege, wani ya ja ni gefe, wai ranar Lahadi an gan ka a Alaba Rago ana naɗa maka zare a hannu za ka shiga dambe. Haba Nura! Wata biyu kacal da gocewar kafaɗar nan?

Har ka manta daren da muka kai ka asibitin ƙashi na Igbobi, hannu yana reto, kana kiran Inna? Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce kafaɗar saurayi irinka ita ta fi saurin sake gocewa, don jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin sun riga sun saki, sai an bi su a hankali su yi ƙwari. Don ka daina jin zogi ba shi ke nan ka warke ba.

Na san abin da za ka ce: ai Baba ma ya yi. Na yi. Dambe gadonmu ne na mahauta, ban taɓa jin kunyarsa ba, kuma a lokacinmu wa ya san wani gashin ƙashi? Mai ɗori ya mayar min da tawa, ko kwana 40 ban cika ba na ji kalangu na koma fili. To dubi hannuna na dama yau. Babbar riga sai uwarka ta taya ni sawa. In zan yi kabbara, hannun bai kai kunne. A mayankar Oko-Oba, cinyar sa sai yara sun rataye min, ina tsaye ina kallo. Wannan nake hango maka, kai da ko aure ba ka yi ba, shi ke hana ni barci. Masu zuga ka ɗin nan, ranar da ta sake gocewa ko kuɗin mota ba za su ba ka ba. Taurin kai dai ka ɗauko, ba sai na faɗi na wa ba.

Ban ce ka kwanta ba. Ka yi gudunka da asuba, ka ja robar nan da suka ba ka, ka riƙa tafiya da yatsu a jikin bango yadda aka nuna maka. Ɗaukar kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 kuwa, bar wa wasu tukuna, na gaya wa kawunka. Ranar da likita ya ce ta yi ƙwari, sai mu zauna mu yi magana.

Ka zo ranar Juma'a in ga hannun da idona. Innarka ta ajiye maka dambun nama.

Mahaifinka.