A fara da ƙidayar ma'aikata kafin a rage su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan batun rage ma'aikatan gwamnati don sauƙaƙa nauyin albashi. Damuwar tana da tushe, domin ma'aunin UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ne kada albashi ya wuce kashi 35 cikin 100 na kuɗin haraji. Amma ina tsoron a yi yankan bai ɗaya.

Matsalarmu ta rabon ma'aikata ce. A ma'aikatun Yamai takarda ɗaya takan bi tebur biyar kafin a sa mata hannu, alhali a karkarar Abalak ko Bouza malamin asibiti ɗaya ne ke awon ciki, da rigakafi, da rubuta rahoton wata. Ranar da ya tafi gari karɓar magani, sai a rufe ƙofa, mai naƙuda ta koma gida a amalanke. Idan aka ce kowace ma'aikata ta rage kashi iri ɗaya, irin wannan wuri ne zai fara mutuwa, saboda ƴan kwantiragi aka fi saurin sallama, su ne kuma suke riƙe da ƙauyuka.

Shawarata ita ce a haɗa jerin masu albashi na ma'aikatar kuɗi da jerin ma'aikatar ƙwadago, kowa ya bayyana da kansa a ɗauki zanen yatsunsa. Nan za a tsinci mamata, da waɗanda suka bar aiki, da masu albashi biyu. Bayan haka, wanda ya yi ritaya a babban ofis kada a maye gurbinsa. A mayar da gurbin zuwa asibiti ko makarantar karkara, tare da alawus na nisa da ake biya a kan lokaci.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Tahoua